Yadda Ake Nema wa Yaro Makaranta a Birnin Kano

Duk wanda ya bi titin Kabuga zuwa Rijiyar Zaki, ko ya ratsa Hotoro, ko ya shiga lungunan Sheka da Ɗorayi, zai ga allon makaranta kusan a kowane layi. Wasu gidajen haya ne aka shafa wa fenti aka raba ɗakuna da katako, wasu kuma benaye ne masu katanga da maigadi. Yawan nan shi ke rikita iyaye, musamman wanda ya tare a sabuwar unguwa ko aiki ya dawo da shi Kano. Ma'aunin da ya fi kowanne amfani wajen zaɓe shi ne ɗorewa: makarantar da yaro zai riƙa isa kullum a kan lokaci, kai kuma ka iya biyan kuɗinta ba tare da an koro shi gida ba. Firamare shekara 6 ce, kowace shekara zango 3, wato sau 18 za ka sa hannu a aljihu. Yaron da ake ta cirewa ana dasawa, bana nan baɗi can, shi ne yake kaiwa aji shida bai iya haɗa baƙi ba.

Fara da hanya

Ƙwaryar birni da kewayenta ƙananan hukumomi 8 ne: Birni, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nasarawa, Ungogo da Kumbotso. Mazaunin Bachirawa da ya sa ɗansa a makarantar da ke Naibawa ya ɗora wa kansa ƙetare gari sau biyu a rana. Kafin ka tambayi sunan kowace makaranta, ka yanke iyakar nisan da gidanka zai iya ɗauka. Ɗan nazare da ɗan aji ɗaya zuwa uku, kada tafiyarsu ta wuce minti 15 a ƙafa, kuma kada a ce sai sun tsallaka babban titi irin na Zariya, na Katsina ko na Gwarzo. Ɗan sakandare zai iya shan minti 30 zuwa 40 a Adaidaita Sahu, amma hawa ɗaya ya fi hawa biyu, domin a wajen canjin nan ne ake makara, a nan kuma kuɗin tara yake narkewa.

Kada ka auna hanya da yammacin Lahadi. Ka bi ta ranar Litinin da ƙarfe 7 na safe, ka sake bin ta lokacin tashi, wajen ƙarfe 1 zuwa 2, sa'ad da Kurna, Tal'udu, Ɗangi da 'Yankaba suke cika. Ka kuma tambayi maƙwabtan makarantar yadda layin yake a watan Agusta. Akwai lungunan da ruwan awa ɗaya yake mayar da su kogi, ɗan sahu ya ce ba zai shiga ba.

In ɗan sahu za a ɗaukar wa yara na wata-wata, a san gidansa, a san lambar jikin mashin ɗinsa, a kuma yi magana tun farko kan yara nawa zai ɗauka. Abin da yake faruwa shi ne a yi ciniki kan yara huɗu, bayan wata biyu ka ga tara a ciki, biyu a gefen direba.

Wace iri, kuma wa ke kula da ita

Sanin hukumar da ke riƙe da makaranta yana da amfani ranar da matsala ta taso, domin a nan za ka kai kuka.

Firamaren gwamnati tana ƙarƙashin SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, kuma kowace ƙaramar hukuma tana da ofishin ilimi da sakatarensa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara 9 na farko, firamare da ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole. Shiga ba ta da wuya: ka je wurin hedimasta da yaron a farkon zangon Satumba. Manyan sakandare suna da hukumarsu daban, makarantun kimiyya da fasaha su ma haka. Makarantun kuɗi da na al'umma suna ƙarƙashin hukumar kula da makarantu masu zaman kansu da na sa-kai, Islamiyyu da makarantun Alƙur'ani kuma akwai hukumar da aka kafa domin su.

Kada a yi wa makarantun gwamnati kuɗin goro. Gaskiya ne da yawa suna fama da cunkoso, har wasu suna raba yara 'yan safe da 'yan rana, kuma gwamnatin jihar da kanta ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Amma malamansu galibi masu takardar NCE ne ko digiri, sun daɗe suna aikin, alhali ƙaramar makarantar kuɗi tana iya ɗaukar wanda ya gama sakandare bara ta ba shi aji. Firamaren gwamnati mai hedimasta tsayayye da kwamitin iyaye mai rai, in aka haɗa wa yaro da lesin na awa ɗaya da yamma, sau da yawa ta fi makarantar kuɗi mai araha wadda malamanta ke canjawa kowane zango.

In makarantar kuɗi ce, ka nemi ganin takardar amincewar gwamnati, ka karanta ta da idonka. Ka duba abu biyu: sunan da ke jikin takardar shi ne na jikin allon ƙofa, kuma matakin da aka amince mata ya haɗa da ajin da ɗanka zai shiga. Makaranta tana iya samun izinin nazare da firamare, sannan ta buɗe sakandare a ɗakunan baya ba tare da izini ba. Mai makarantar da ya ce takardar tana gida, ko tana wurin lauya, ko ana kan sabuntawa, ka ce za ka dawo in ta zo.

Ziyara

Nan ne aikin yake, kuma nan ne yawancin iyaye suke yin sakaci. Sukan je lokacin hutu, a zaunar da su a ofis mai fanka da labule, a miƙo fom. Ofis ba a karatu a cikinsa. Ka zaɓi makarantu uku a cikin iyakar da ka yanke, ka ziyarci kowacce ana tsakiyar zango, ranar Talata ko Laraba, wajen ƙarfe 11 bayan an dawo daga tara, ba tare da ka sanar ba. Da sassafe kowace makaranta tana da kyan gani. Bayan tara ne ake gane inda malamai suke zama a gindin bishiya suna hira, monita yana rubuta sunan masu surutu.

Ka nemi a bar ka ka tsaya a bakin taga na minti goma. Ƙirga yara. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, 40 a sakandare. Makarantar da ke karɓar kuɗi ta kuma tara yara 60 a aji ba ta da hujja. Duba ko na bencin baya yana ganin allo, ko iska tana ratsa ajin. Ɗakin da rufinsa kwano ne ba silin, taga ɗaya, a watan Afrilu tanderu ne, yaro ba zai fahimci komai a ciki ba bayan ƙarfe 12.

Sannan ka nemi littafin rubutun yaro, amma kai za ka nuna wanda kake so, daga tsakiyar aji ko baya, kada ka karɓi wanda malami ya zaɓo. Buɗe littafin lissafi da na Turanci. Dubi kwanan wata: aikin ƙarshe na jiya ne ko na mako uku da suka wuce? Dubi jan biro: malami yana gyara kuskure, ko yana zana alamar daidai ne kawai a ƙasan shafi ko da amsar ba daidai ba ce? Littafi cike da rubutun da aka kwafa daga allo, ba aikin da yaro ya yi da kansa, alama ce ta makarantar da ake cika takarda domin iyaye su gani.

Gwajin da ba ya ƙarya shi ne na karatu. Ka samu yaron maƙwabta da ke aji uku a makarantar, da izinin iyayensa, ka ba shi wani rubutu mai sauƙi da bai taɓa gani ba, na Hausa da na Turanci, ka ce ya karanta layi uku ya faɗa maka abin da suke nufi. Ka ba shi ɗebewa mai aro, kamar 52 a cire 27. Dole rubutun ya zama baƙo gare shi, domin yaranmu gwanayen hadda ne, suna iya rera shafi guda na littafin aji da ka, idonsu na kallon silin. Yaron da ke gaishe ka da Turanci mai daɗi amma ya kasa karanta jimlar da bai haddace ba, an koya masa abin burge baƙi ne.

Tambayi malamar ajin, ba shugaba ba, shekararta nawa a makarantar. In ka tambayi uku duk suka ce wannan zangon suka zo, to albashi ba ya fita a kan lokaci ko bai taka kara ya karya ba, kuma ɗanka zai ga malaman lissafi uku a shekara guda, kowa ya fara daga inda ya ga dama.

Banɗaki kuwa a bar wa uwargida ta shiga da kanta, ita ta fi sanin abin dubawa. Na mata daban da na maza? Akwai ƙofa mai sakata? Akwai ruwa da buta? 'Ya mace da ta fara girma, in banɗaki ba shi da kyau, za ta riƙa fashin kwanaki kowane wata ba tare da ta faɗi dalili ba. A duba inda yara ke shan ruwa, da yadda ake sallamar ƙanana lokacin tashi: duk wanda ya zo ya ce shi kawun yaro ne sai a ba shi, ko akwai kati ko sunan wanda aka sani? A tambayi kuma yadda ake horo. In ka ga dorina a kan teburin malamin aji ɗaya, ka riga ka samu amsa.

Lissafin kuɗi na shekara, ba na zango ba

Kuɗin makaranta da ake faɗa maka a baki rabin labari ne. Ka ce a rubuta maka duk abin da za a nema daga Satumba zuwa Yuli: fom, kuɗin shiga na sabon ɗalibi, kayan makaranta kala nawa, kayan wasanni, kayan Juma'a, littattafai, kuɗin jarrabawa, lesin, kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, bikin ƙarshen shekara, da na yaye ɗalibai, wanda yanzu har 'yan nazare ake yi wa. Tambayi ko dole ne a sayi littattafai da yadi a makarantar ko za ka iya zuwa Sabon Gari da Kwari. Tambayi ko littattafan irin waɗanda ake rubutu a ciki ne, domin irin su ƙani ba ya gadar na wa. In kana da yara uku ko fiye, nemi ragi, makarantu da yawa suna yi amma sai an tambaya.

Sai ka ɗora kuɗin hanya. A ce naira 500 zuwa, 500 dawowa. Zango mai mako 13 kwana 65 ne na karatu, wato naira 65,000 kan yaro ɗaya, kafin kuɗin tara. Da wannan lissafin za ka ga makarantar kusa mai ɗan tsada ta fi ta nesa mai araha sauƙi.

In jimillar shekara, an ninka da yawan yaranka, ta zama sai ka ci bashi ko ka jira adashi kafin ka biya zangon farko, makarantar ta fi ƙarfinka, ka sauko mataki ɗaya. Kuɗin makaranta hawa yake yi, ba ya sauka. Duk abin da ka biya kuma ka karɓi rasit mai hatimi, ka ajiye. In ta banki ne, asusun makaranta za ka tura wa, ba na wani malami ba. Rikicin riƙe sakamako da takardar canjin makaranta kusan kullum daga bashin da ba a rubuta ba yake tasowa.

Islamiyya da hadda

A Kano yaro makaranta biyu yake yi, wani ma uku, don haka a tsara su tare. Wanda aka tashe shi daga boko ƙarfe 2, ya iso gida 3 saura, ya ci abinci a tsaye ya wuce Islamiyya ƙarfe 4, bayan magariba kuma ga makarantar dare, gyangyaɗi zai yi a dukkansu. Shi ya sa makarantun da suka haɗa boko da Islamiyya a wuri ɗaya suka yi kasuwa. Suna rage zirga-zirga, amma ka nemi jadawalin darussa ka ƙirga awa nawa aka ba kowane ɓangare, domin sau da yawa ɗaya yana cinye ɗaya.

A makarantar hadda, kada yawan izu ya ruɗe ka. Tambayi tsarin muraja'a: kwana nawa a mako ake komawa baya, wa ke sauraron yaro shi kaɗai? Yaron da aka ce ya haddace izu 20, a ja masa baƙi daga izu na uku a ji. Ka kuma san ruwayar da ake karantarwa. Makarantun allo da tsangayu galibi Warshu suke yi, Islamiyyu da yawa kuma Hafsu. In ƙaramin yaro yana zuwa allo da asuba yana zuwa Islamiyya da yamma, malaman biyu su san da haka, don kada wannan ya riƙa gyara abin da wancan ya biya masa.

Takardu da suna

Abin da ake nema wajen shiga bai da yawa: takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, katin rigakafi ga ƙanana, hotunan fasfo, sakamakon zangon ƙarshe da takardar canjin makaranta ga wanda ya taso daga wani wuri. Makarantun gwamnati na musamman sukan nemi takardar shaidar ƙaramar hukuma.

Abin da ke ba mutane wahala daga baya shi ne rubutun suna. Hedimasta ya rubuta Muhammad, takardar haihuwa ta ce Mohammed, a NIN aka sa Muhammed, a wani wuri kuma aka ƙara sunan unguwa ko aka sa sunan kaka a madadin na uba. Babu wanda zai damu sai ranar rajistar JAMB, wadda ba ta yiwuwa sai da NIN, sannan a fara yawon kotu da gidan jarida ana gyara. Tun ranar farko ka rubuta sunan yaro da ranar haihuwarsa a takarda da manyan baƙaƙe, yadda suke a takardar haihuwa, ka miƙa, ka kuma duba abin da aka shigar a rajista. Kada ka yarda a tsallakar da yaro aji don a ce yana da ƙoƙari. Ƙa'idar shiga jami'a shekara 16 ce, wanda ya gama da wuri zaman jira zai yi.

Sakandare

Shirin sakandare daga aji biyar ake fara shi. Mai son kwalejojin tarayya, irin wadda ke titin Zariya ko ta 'yan mata da ke Minjibir, sai ɗansa ya zauna jarrabawar shiga da NECO ke shiryawa ga 'yan aji shida. Ta intanet ake rajista, watanni kafin ranar jarrabawa, don haka ka tambayi makarantar firamaren tun zangon farko ko ita ke yi wa ɗalibai ko kai za ka yi.

Dama ta biyu tana zuwa a ƙarshen aji uku na ƙaramar sakandare. A lokacin ne ake jarrabawar shiga makarantun kimiyya na jiha, irin su Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, waɗanda aka buɗe a 1977, da ta 'yan mata da ke Garko. Likitoci da injiniyoyin Kano da yawa ta nan suka bi. Yaron da hannunsa ya fi bakinsa, a duba masa kwalejojin fasaha irin na Bagauda da Ungogo, inda ake zana NABTEB, jarrabawar fita ta makarantun fasaha, a fita da sana'a. Mai son Larabci da addini kuma akwai SAS, wato Makarantar Nazarin Larabci, da makamantanta, masu zana NBAIS, jarrabawar fita ta Larabci da addinin Musulunci. A cikin gari akwai tsofaffin makarantu irin su Rumfa, Shekara da Kwalejin 'Yan Mata ta Dala, sai dai sunan makaranta ba ya koyarwa, su ma a yi musu irin ziyarar da aka bayyana a sama. In ta kwana ce, ƙara da ɗakin kwana, ɗakin cin abinci, ruwa, da wanda ke duba yaro in zazzaɓi ya kama shi da dare.

Kafin ka sa yaro a babbar sakandare ta kuɗi, tambayi lambar cibiyarta ta WAEC da ta NECO. Wadda ba ta da su wata makaranta take kai ɗalibanta su zana, sunan waccan ne kuma zai fito a takardar sakamako, in ma wanda aka ba kuɗin rajistar ya biya ke nan. Nemi ganin sakamakon shekara uku a jere, ka ƙirga mutum nawa suka samu kiredit 5 har da Turanci da lissafi. In kowa da kowa ya ci, har maki iri ɗaya, ka tambayi nawa daga cikinsu suka ci JAMB. Makarantar da ake rubuta wa yara amsa a allo, ranar da aka kama ta sakamakon kowa ake riƙewa, har da na ɗanka da ya yi karatunsa. Ɗan kimiyya kuma a nuna maka ɗakin gwaje-gwaje a buɗe, ka shafa teburin ka ga ko ƙura ce.

A guji canja wa yaro makaranta a aji biyu ko uku na babbar sakandare, domin makin gwajin da yake tarawa tun daga aji ɗaya yana shiga lissafin jarrabawar ƙarshe, kuma makarantar ce ke tura shi. Ɗaliban makarantun gwamnati suna zana kwalifayin a aji biyu, wadda da ita ake tantance waɗanda gwamnati za ta biya wa kuɗin jarrabawar fita. Sharuɗɗan sukan canja daga shekara zuwa shekara, don haka uba ya fara tara kuɗin NECO tun yaro yana aji ɗaya, in gwamnati ta biya sai a mayar da su na JAMB.

Yaro kurma ko makaho yana da makarantar gwamnati ta musamman a Tudun Maliki, kuma gwargwadon saurin kai shi, gwargwadon saurin kama maganar hannu ko rubutun makafi. Matar aure da ta katse karatu, ko magidancin da bai yi boko ba, su nufi Hukumar Ilimin Manya, wadda gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a 1980. Tana da azuzuwan yaƙi da jahilci da cibiyoyin mata. A tambayi ofishinta na ƙaramar hukuma wace cibiya ce ta fi kusa da gida, da kuma lokacin da ake ɗaukar sababbi.